Ginshiƙin Hawa na Goma Sha Bakwai

Tun da na dawo Minna ban samu na zauna a teburin mai shayi na sha kofi ɗaya cikin natsuwa ba. Wannan ya ce yaya Abidjan, wancan ya ce da gaske ne gine-ginensu na shiga cikin gajimare. Masu wannan tambaya ba su dame ni ba. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganar da ake yawo da ita daga Kpakungu har Bosso, wai koro ni aka yi saboda na hau sama jiri ya kwashe ni, na rungume ƙarfe ina kiran uwata. Kora dai an kore ni, ban musa ba. Amma ba a kan jiri ba ne. Ga yadda aka yi.

Sunana Bitrus, mutumin Garatu ne ni, sana'ata ɗaurin rodi, wato ƙarafan nan da ake ɗaurewa da waya kafin a zuba kankare. Na koyi aikin ne lokacin da aka ba mu jiha, aka shiga gina ofisoshi a Minna ko'ina. Iyakar abin da na taɓa hawa bene mai hawa uku ne. Sai Malam Sule, wani kafinta ɗan Wushishi da muka taɓa aiki tare, ya zo gida hutun sallah daga Abidjan. Ya girme ni da kusan shekara goma, ina girmama shi ƙwarai. Ya nuna mini hoton wani gini da ake yi can, ya ce in an gama zai kai hawa ashirin da huɗu, kuma masu ɗaurin rodi sun yi musu kaɗan. Na kwana biyu hoton nan yana cikin kaina. Matata Laraba ta ce ba ta yarda ba, ta yi kwana uku ba ta kula ni, rana ta huɗu na tarar tana soya mini ƙuli-ƙuli na guzuri. Ogan da na yi aiki a ƙarƙashinsa kuwa ya ce wata ɗaya ba zan yi ba zan dawo. Na je na yanki tikiti.

Jirgin ƙasa muka shiga daga tashar Minna zuwa Legas. Ya yi lattin rabin yini, da ya zo kuma cike yake, har Jebba a kan akwatin kayan aikin Malam Sule nake zaune. Wata mata mai kai doya Ibadan ta ɗora mini jakarta a cinya ta yi barcinta, ba ta ko tambayi sunana ba. Da muka isa Legas na ga dogayen benaye na bakin ruwa, na tsaya na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Malam Sule ya ce in adana wuyana, akwai aiki a gabansa.

A iyakarmu da Benin muka fara gamuwa da matsala. Wani jami'i ya zazzage jakata, ya ga fulaya da ƙarfen lanƙwasa rodi da ƙullin waya, ya ce waɗannan kayan fasa shago ne. Na yi bayani da Hausa, na yi da guntun Turancina, bai gamsu ba. Ina waigawa sai na ga bencin da suke zama a kai ƙafarsa ɗaya ta rabu, an tokare da dutse. Na roƙa a ba ni fulayata na minti biyar. Na ɗaure ƙafar nan da waya tsaf, na hau kai na yi tsalle. Jami'in ya zauna ya jijjiga, ya yi dariya, ya buga mana hatimi. Har muka shiga mota yana kiran abokin aikinsa ya zo ya gwada bencin.

Kwatano da Lome ba mu daɗe ba, kwana ɗaya ɗaya a zango. Abin da ya ba ni mamaki shi ne duk inda muka sauka akwai Hausawa, akwai mai tsire, akwai masallaci, kuma ba wanda ya tambaye ni addinina kafin ya shimfiɗa mini tabarma. A Lome na fara ganin burodin Faransawa, dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri. Na ɗauka ya kwana biyu ne, na mayar wa mai sayarwa, ta zazzaga mini faɗa da yaren da ban ji ko kalma ɗaya ba. Ashe haka ake yinsa, daga wuta ma aka fito da shi.

Ghana ce ta wahalar da mu. Lokacin man fetur ya yi wuya a ƙasar, motarmu ta yi yini guda a layin gidan mai bayan mun wuce Accra. Nan na ci dokunu, tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da barkonon da ya sa na yi hawaye a gaban mata. Daga ƙarshe muka ƙetare wani faffaɗan ruwa cikin jirgi mai inji kafin mu taka ƙasar Kodebuwa. Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne Tagwai da Chanchaga, na amayar da dokunun nan duka. Kwananmu takwas a hanya.

Masaukinmu a unguwar Tireshbil yake, gidan Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan asalin Katsina mai fataucin goro, wanda ya fi shekara arba'in a garin. Ɗaki ɗaya mu biyar. Da safe shayi da madara mai kauri da dogon burodin nan, da rana acake, wani abinci na rogo mai kama da dambu, da kifi. Sati biyu cikina yana ƙorafi kafin ya haƙura. Doyarsu kuwa ba ta kama ƙafar tamu ba, wannan na faɗa musu a gabansu.

Ranar da na fara zuwa wurin aiki muka ƙetare gada da ƙafa zuwa Filato, tsakiyar birnin inda benayen suke. Ba zan iya kwatanta muku ba sai dai in ce ku ɗauki dutsen Paida ku yanka shi tsaye gida-gida, ku sa wa kowane yanki gilashi. Ginin namu ya kai hawa tara lokacin. Aka ba ni hular kwano, aka sa mu cikin wani keji na ƙarfe da ke hawa ta jikin ginin. Gaskiya a ranar da hannu biyu na kama kejin. Washegari da hannu ɗaya na kama. Kafin sati ya ƙare ina cin gyaɗa a ciki.

Al'adunsu na aiki daban ne. Da tsakar rana sai kowa ya ajiye kaya, garin ya yi tsit har awa biyu, kantuna a rufe. Ranar farko na ɗauka yajin aiki aka fara, na je ina tambayar Malam Sule abin da ya faru. Sannan kowace safiya sai ka bi kowa ka ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya, in ka tsallake mutum ya riƙe ka a zuci. Na ga Turawa maza suna sumbatar matan abokansu a kumatu a gaban mazajen, ba wanda ya ɗaga gira. A wani rafi da ke bayan gari kuma na ga ƙarti ɗaruruwa tsaye cikin ruwa suna wankin kayan mutane a kan duwatsu, sana'arsu ke nan, sun shanya tufafi sun rufe tudu guda.

Ranar Lahadi in na fito daga coci sai in zaga Filato ni kaɗai ina kallon gine-gine. Akwai wani da aka yi shi da faɗi a ƙasa yana tsukewa a sama kamar tulin doya. Akwai masu fukafukan kankare a kan tagogi don tare rana, dabarar da na zana a takarda na ajiye. Wata Lahadi Alhaji Mamman ya ɗauke ni zuwa Basam, tsohon gari a bakin teku inda Faransawa suka fara zama. Gidaje ne masu baranda zagaye, rufinsu ya zube, bishiyoyi sun tsiro ta cikin bango. Suka tuna mini da kufan Turawa na Zungeru. Alhaji ya ce cuta ce ta kori Faransawa daga Basam. Ya ce lokacin da ya zo Abidjan yana saurayi, inda muke ginin nan gidaje ne gajeru da itatuwan mangwaro, kuma tun kafin haka masunta ne ke da wurin. Ya nuna mini wani bango da gishirin teku ya ci har ƙarfen ciki ya fito ya yi tsatsa. Ya ce shi ba magini ba ne, amma ya lura gini daga ciki yake mutuwa. Na daɗe ina duban ƙarfen nan.

Wata bakwai ina aiki ba wanda ya taɓa kwance ɗaurina. Shugabanmu a saman gini wani mutum ne da kowa ke kira Shef, kullum da usur a wuya. Ba mugu ba ne a ranar da abubuwa ke tafiya daidai. Muna hawa na goma sha bakwai sai zobba suka yanke. Zobba su ne ƙananan ƙarafa masu kusurwa huɗu da ke rungume dogayen rodin ginshiƙi don kada su buɗe in nauyi ya hau. Motar da za ta kawo ƙarfen ta maƙale, ga shi an riga an sa ranar zuba kankare washegari. Shef ya zo ya ce mu raba zobban da suka rage, maimakon taƙi ɗaya tsakaninsu mu bar taƙi biyu, kafintoci su rufe da katako.

Ba na jin Faransanci sosai a lokacin, amma lamba lamba ce a kowane yare, kuma na ga abin da ke jikin zanen ginin. Na ce wa Malam Sule ya gaya wa Shef ba zan ɗaura haka ba. Malam Sule ya ja ni gefe, ya ce in rufa wa kaina asiri, mu baƙi ne, ginin ba na ubana ba ne, kuma Turawa kan sa ƙarfe fiye da kima ko da an rage ba abin da zai faru. Na ce mai yiwuwa haka ne, amma ni ban san iyakar abin da suka ƙara ba, shi ma bai sani ba, Shef ma bai sani ba. Na ajiye fulayata a ƙasa. Shef ya busa usur a fuskata, ya ce in sauka ƙasa in dinga ɗiban yashi. Wasu suka ɗaure ginshiƙai shida yadda ya ce, kafin a tashi aiki an rufe su.

Da na sauka ban ɗebi yashin kirki ba. Na tsinci guntayen waya mai kauri na haɗa ƙananan ginshiƙai biyu, kowanne tsawon kamu ɗaya, ɗaya da zobba kusa-kusa, ɗaya da zobba nesa-nesa. Na ɓoye su a bayan buhunan siminti.

Injiniyar da ke duba aikin mace ce, 'yar ƙasar, doguwa mai gilashin ido, ana ce mata Madam. Ba ta taɓa yi mini magana ba. Da safe motarta na shigowa na tsaya a gabanta. Direba ya yi ta hon, ban matsa ba. Ta fito ranta a ɓace. Na durƙusa na kafa ginshiƙan nan biyu a ƙasa, na ɗora guntun katako a kan na farko na taka, ya tsaya. Na ɗora a kan na biyu na taka, ya buɗe ciki ya lanƙwashe. Na nuna sama da yatsa, na faɗi goma sha bakwai da Faransanci, don ƙirga na riga na iya. Ta dube ni, ta dubi wayar da ta lanƙwashe, ta karɓi hular kwano daga hannun direba, ta yi mini alama in biyo ta.

A sama har an fara ɗago bokitin kankare. Ta ɗaga hannu aka tsayar. Ta ce a buɗe katakon ginshiƙi ɗaya. Kafintoci suka tsaya suna kallon Shef, ba wanda ya motsa. Malam Sule ne ya ɗauki gudumarsa ya je ya ɓalle katakon, bai dubi kowa ba. Madam ta sa awo a tsakanin zobba. Ba ta ɗaga murya ba, amma abin da ta gaya wa Shef ya sa wuyansa ya jiƙe da gumi. Aka buɗe duka shidan. Aiki ya tsaya kwana uku har ƙarfe ya iso, kuma ta ce ni zan ɗaure su da hannuna. Na ɗaure su, ta bi ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, ta ba ni hannu.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Shef faɗa kawai aka yi masa, yana nan a matsayinsa. Abokan aiki suka daina ba ni hannu da safe, don tsaikon ya shafe su su ma. Bayan sati uku aka mayar da Madam wani aikin a wani gari. Ranar Litinin ta gaba Shef ya ce takarduna ba su cika ba, takardun da na yi wata bakwai ina aiki da su. Aka karɓe hular kwanon.

Alhaji Mamman ya kira ni zaure da yamma. Ya ce ya san wani da ya san Shef, in na yarda za su je tare da ni in ba da haƙuri a mayar da ni. Malam Sule na gefe yana cewa in karɓa, ina da iyali. Na gode wa Alhaji, na ce, "Ranka ya daɗe, in na durƙusa a gabansa, me zan ce na yi? In ce ya yafe mini don na ƙi rage ƙarfe?"

Alhaji ya ja carbinsa. Can ya ce, "To, ɗaki dai naka ne, ba mai tashinka."

Malam Sule ya yi sati biyu ba ya yi mini magana. Ya ce taurin kaina zai kashe ni a ƙasar mutane. Amma shi ne ya samo mini aikin farko a wurin wani mai gina gidajen haya a unguwar Ajame, bai kuma taɓa faɗa mini shi ya yi ba, daga bakin mai gidan na ji.

Laraba ta aiko da wasiƙa ta hannun direban motar goro cewa in dawo gida. Na amsa mata cewa zan dawo, amma sai na ga an gama ginin nan. Shekara ɗaya da wata biyu na yi ina ɗaura rodin kwalbati da ƙananan gidaje. Kowace safiya daga bakin gada ina ganinsa yana ƙaruwa, sha takwas, ashirin, ashirin da huɗu, sannan aka sauke injin ɗaga kaya, aka lulluɓe shi da gilashi ruwan ƙasa.

Da aka buɗe shi ma'aikata suka tare, na sa kaftanina mafi kyau, na goge takalmi, na tafi. Mai gadin ƙofa mutumin Maraɗi ne, ya ji Hausa a bakina ya saki fuska. Ya tambaye ni wurin wa na zo.

Na ce, "Wurin ginshiƙina na zo, yana hawa na goma sha bakwai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ba a shiga sai da sunan wanda za a gani. Na ce to zan jira. Na zauna a kan dakalin furanni daura da ƙofa tun ƙarfe tara. Ya zo ya ce in tafi, na ce hanya ta gwamnati ce. Ya dawo ya ce zan jawo masa magana, na ba shi labarin tun daga zobba har usur. Da aka tashi hutun tsakar rana ginin ya yi shiru, ya leƙa hagu da dama, ya ce in zo mu hau, minti goma kawai.

Lif ɗin da ke hawa da mutane sama har da madubi a ciki da kafet. Muka fito a hawa na goma sha bakwai, na kasa gane wurin. Inda muke cin acake a kan buhu yanzu tebura ne da keken rubutu, sanyin na'ura ko'ina. Na ƙirga daga kusurwar gabas, na same shi. An lulluɓe shi da farin dutse mai sheƙi, wata ta jingina tukunyar fure a gindinsa, an rataya kalanda a jiki. Na ɗora tafin hannuna a kai. Na bi shi da taƙi daga ƙasa zuwa inda hannuna ya kai, ina faɗa wa mai gadin inda kowane zobe yake. Na zaga sauran biyar ɗin. Ta taga na hango gadoji biyu da jiragen ruwa da rufin Tireshbil, har na yi ƙoƙarin gano gidan Alhaji. Mai gadin ya taɓa kafaɗata ya ce lokaci ya yi.

Bayan kwana huɗu na kama hanya. Alhaji ya ba ni ƙullin goro in kai gida, Malam Sule ya raka ni tasha, ya ɗauki jakata da kansa duk da girmansa. Dawowar ta fi sauƙi, ko kuwa ni ne na saba.

Na kwana ɗaya a Minna wurin Laraba da yara, washegari na wuce Garatu gaida mahaifina. Na same shi a gindin rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Bai tambaye ni abin da na kawo ba. Na zauna a ƙasa na ba shi labari duka, har korar. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni hawa nawa ne a saman ginshiƙin nan.

Na ce, "Bakwai, Baba."

"Da mutane a ciki?"

"Cike, Baba. Kullum."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa har na ɗauka ya bar maganar. Sai ya ɗaga murya ya kira mahaifiyata daga madafa, ya ce ta kama jan zakaran nan, wanda yake ta ajiya tun bara.